Maza Masu Jiyya: Tarihin Waɗanda Suka Shiga Aikin Bayan Gemu Ya Fito

A hayin kogin Shari, a unguwar Walia ta birnin Njamena, akwai wani babban asibiti na Ikilisiyar Katolika wanda aka sa wa sunan Basamariye mai kirki. Sunan ya fito daga misalin da Ubangiji Yesu ya bayar a cikin Luka 10:25-37. Kowane yaron da ya zauna a ajin katekisim ko makarantar Lahadi ya san labarin, amma akwai abu biyu a cikinsa da ba a cika lura da su ba. Na farko, wanda ya tsaya ya wanke raunukan mutumin da 'yan fashi suka yi wa duka, ya ɗaure su, ya kwana yana jiyyarsa, namiji ne. Na biyu, ba don jiyya ya baro gida ba. Matafiyi ne mai dabbar hawa da guzuri, yana kan hanyar sha'anin kansa, sai jiyya ta tare shi a tsakiyar hanya.

Duk da haka, in magidanci, ko tela ne, ko direba, ko tsohon soja, ya ce zai koma makaranta ya koyi aikin jiyya, yakan gamu da magana iri biyu. Waɗansu su ce wanke marar lafiya da kwashe kashinsa aikin mata ne. Waɗansu kuma su ce ai icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, wanda ya ajiye iyali ya wuce zama a benci. Wannan magana ba ƙarama ba ce, gama tana iya kashe wa mai niyya zuciya, alhali kuwa ƙauyuka da yawa a Cadi da Nijar da Nijeriya suna kukan rashin wanda zai duba marasa lafiyarsu. Tarihin ikilisiya da tarihin ƙasar Cadi suna da amsa ga maganganun nan biyu.

Ikilisiyar farko

Wajen shekara ta 250 wata muguwar annoba ta faɗa wa mulkin Roma, ta yi shekaru tana kisa. Diyonisiyus, wanda shi ne bishop na Iskandariya ta ƙasar Masar a lokacin, ya rubuta wasiƙa yana bayyana abin da ya gani. Mutanen gari suna jefar da 'yan'uwansu a bakin hanya tun ba su cika ba, don tsoron kamuwa. Masu bi kuwa suka riƙa shiga gidajen marasa lafiya, suna ba su ruwa, suna wanke su, suna rufe idon waɗanda suka mutu, suna binne su. Da yawa suka kamu suka mutu, a cikinsu har da dattawan ikilisiya da dikinoni.

Daga baya, a wannan birni na Iskandariya, aka sami ƙungiyar maza da ake kira farabalani, wato masu sai da rai, waɗanda aikinsu shi ne ɗaukar marasa lafiya da yi musu hidima a ƙarƙashin bishop. Sun yi yawa, waɗansunsu kuma suka riƙa tsoma baki cikin rigingimun gari, har a shekara ta 416 sarkin Roma ya yi doka kada su wuce mutum 500. Bayan shekara biyu aka ƙara adadin zuwa 600. Ashe tun ƙarni na biyar akwai birni a Afirka mai ɗaruruwan maza waɗanda jiyya ce aikinsu.

Yohanna na Allah: makiyayi, soja, mai sayar da littattafai

An haifi Yohanna a 1495 a garin Montemor-o-Novo na ƙasar Fotugal. Yana da shekara takwas ya rabu da iyayensa, ya girma a garin Oropesa na ƙasar Sifen yana kiwon tumakin wani mai arziki. Da ya zama saurayi ya shiga soja a rundunar Sarki Sharl na Biyar. A yaƙin da aka yi da Faransawa a 1523 aka ba shi gadin ganima, ganimar ta ɓace, saura kaɗan a rataye shi. Ya koma kiwo, ya sake shiga soja, ya tafi har Biyenna a 1532 lokacin da ake tare Turkawa. Bayan wannan ya haye teku zuwa Seuta, a gaɓar Afirka ta Arewa, ya yi leburanci wurin gina ganuwa. Daga nan ya koma Sifen yana tallar littattafai da hotunan addini ƙauye ƙauye, har ya buɗe ɗan shago a birnin Garanada. Shekarunsa sun haura arba'in, ba mata, ba gida, ba wata sana'ar da za a ce ya riƙe.

Wata ranar 20 ga Janairu ya ji wa'azin wani firist mai suna Yohanna na Abila. Wa'azin ya girgiza shi ƙwarai. Ya fita titi yana kuka da ƙarfi saboda zunubansa, ya rabar da kayan shagonsa, ya yi ta birgima a cikin taɓo. Mutane suka ce ya haukace, suka kai shi asibitin sarki. Maganin masu taɓin hankali a zamanin nan shi ne ɗauri da bulala, shi ma kuwa ya sha. A nan ne ya ɗanɗana da jikinsa abin da ake yi wa marar lafiyar da ba shi da kowa. Mai wa'azin ya ci gaba da yi masa jagora, ya nuna masa cewa maimakon ya yi ta azabtar da kansa, gara ya juya tubansa ya zama hidima ga waɗansu.

Da ya fita sai ya fara da abin da hannunsa ya iya. Yakan saro itace ya sayar, ya ciyar da waɗanda ke kwana a titi. Ya kama hayar wani gida, ya riƙa goyo marasa lafiya a bayansa yana kai su can. Da rana yana wanke su, yana share ɗaki, yana dafa abinci. Da dare ya ɗauki kwando da tukwane biyu ya bi unguwannin masu hali yana bara dominsu. Tun da ya san zaman asibiti daga ciki, sai ya yi abin da ba a saba yi ba a lokacin: kowane marar lafiya da gadonsa, an kuma raba su bisa ga irin ciwonsu. Mutanen Garanada da suka yi masa dariya a da, su ne suka koma kiransa Yohanna na Allah.

Labarin abokan aikinsa na farko abin tunawa ne. Wani mai suna Anton Martin ya zo Garanada yana neman a kashe Pedro Belasko, wanda ya kashe masa ɗan'uwa. Yohanna ya yi ta binsa da roƙo har ya yafe. Aka saki Belasko, su biyun kuma suka zama masu jiyya a gida ɗaya. Su ma manya ne da suka ga duniya kafin su zo.

A 1549 gobara ta kama asibitin sarki, wurin da aka taɓa ɗaure shi. Yohanna ya kutsa cikin wuta yana fito da marasa lafiya. Ba da daɗewa ba ya faɗa kogin Henil lokacin ambaliya don ya ceci wani saurayi, sanyi ya kama shi, ya rasu ran 8 ga Maris 1550, yana da shekara 55. Shekarun da ya yi yana jiyya ba su fi goma sha 'yan kai ba, amma a 1572 Paparoma Piyus na Biyar ya amince da ƙungiyar mabiyansa, ta kuwa bazu cikin duniya. A Afirka ta Yamma suna da asibiti a Afanyan ta Togo, da Tangiyeta ta arewacin Benin, wadda majiyata daga Nijar da Nijeriya suke zuwa. Sa'ad da cutar Ebola ta ɓarke a 2014, 'yan'uwa huɗu na wannan ƙungiya suka mutu bayan sun kamu da ita a asibitocinsu na Laberiya da Saliyo. Ɗaya daga cikinsu, Patrick Nshamdze, shugaban asibitin Monrobiya, mutumin Kamaru ne.

Kamilus: ɗan caca a ajin yara

A shekarar da Yohanna ya rasu, wato 1550, aka haifi Kamilus de Lellis a ƙasar Italiya. Ubansa sojan haya ne, uwarsa ta rasu yana yaro. Ya taso dogo ƙwarai, mai zafin rai, ya bi sawun ubansa, ya yi wa Benis yaƙi da Turkawa. Abu biyu suka bi shi daga bariki: gyambo a ƙafa wanda bai warke ba har ya mutu, da jarabar caca. A 1571 ya je asibitin San Jakomo a Roma neman magani, aka ba shi aikin hidima a madadin kuɗi, amma aka kore shi saboda faɗa da karta. A 1574 caca ta cinye duk abin da ya mallaka, har rigar jikinsa. Ya koma lebura wurin ginin wani gidan sufaye a Manfredoniya, yana kora jakuna da duwatsu. A nan ne maganar wani sufi ta shige shi, ya tuba ran 2 ga Fabrairu 1575.

Ya so ya zama sufi, amma saboda gyambon nan aka sallame shi. Sai ya koma asibitin da aka kore shi, wannan karo da wata zuciya dabam. Ya yi aiki da aminci har aka ɗora shi a kan sha'anin gidan duka. Abin da ya gani ya dame shi. Ma'aikatan da ake haya ba su damu da majiyata ba. Akan bar mutum cikin ƙazantarsa, akan hana mai ƙishi ruwa, wani lokaci ma akan kai mutum ɗakin gawa da sauran numfashinsa. A 1582 ya ƙudura zai tara maza masu tsoron Allah waɗanda za su yi jiyya saboda ƙauna.

A nan ne tarihinsa ya fi shafar magidancin da ke jin kunyar benci. Kamilus ya ga aikin yana bukatar ilimin da ba shi da shi. Yana da shekara 32, tsohon soja, ƙato, mai ɗingishi, ya shiga aji ɗaya da yara yana koyon Latin daga tushe. Ya jure har aka naɗa shi firist a 1584. A 1586 Paparoma Sistus na Biyar ya amince da ƙungiyarsa, ya kuma yarda su ɗinka jan gicciye a ƙirjin rigarsu, kusan shekara ɗari uku kafin a kafa ƙungiyar Red Cross. Ban da alkawaran da sufaye suka saba yi, mabiyansa suna ƙara na huɗu: za su yi wa marasa lafiya hidima ko da ransu zai salwanta. Ba a baki kawai suka yi shi ba. A Nafuli sun shiga jiragen ruwan da aka hana kowa kusanta saboda annoba, waɗansunsu suka mutu. A 1595 da 1601 an aika su bakin dāga a Hangari da Kuroshiya su kula da sojojin da suka ji rauni.

Kamilus ya koya wa mutanensa yadda ake gyara gado da majiyaci a kai, da yadda ake ba mai rauni abinci, da buɗe taga don iska ta shiga, da jinkirta rufe wanda ake zaton ya cika har a tabbata. Ya kuma umarce su su kula da kowane majiyaci yadda uwa take kula da ɗanta tilo in ba shi da lafiya. Tsohon soja ne ya ba maza wannan umarni, bai kuwa ga ya rage musu mazantaka ba. Ya rasu ran 14 ga Yuli 1614. Mabiyansa sun iso ƙasar da ake kira Burkina Faso yanzu a 1966, suna da babban asibiti a Wagadugu. A 1930 Paparoma Piyus na Goma Sha Ɗaya ya ayyana Yohanna na Allah da Kamilus a matsayin waliyyan masu aikin jiyya. Dukansu biyu maza ne, tsofaffin sojoji, waɗanda suka fara rayuwa da wata sana'a dabam.

Yadda aka fara cewa aikin mata ne

To, daga ina ra'ayin nan ya fito? Mata sun daɗe suna jiyya, a gida da kuma cikin ƙungiyoyin sistoci, ba wanda zai raina aikinsu. Amma keɓe aikin ga mata kaɗai sabon abu ne, daga Ingila kuma ya yi ƙarfi. A 1854 Florence Nightingale ta jagoranci mata zuwa asibitin sojojin Ingila a yaƙin Kirimiya. A 1860 ta buɗe makarantar jiyya a asibitin Waliyyi Toma a Landan, mata kaɗai take ɗauka. Tsarinta na tsabta da horo ya ceci rayuka masu yawa, ƙasashe suka kwaikwaye shi, suka kwaikwayi rufe ƙofa ga maza tare da shi. Rundunar jiyya ta sojojin Amurka ba ta karɓi maza ba daga 1901 har 1955. Babbar ƙungiyar masu jiyya ta Ingila ba ta ba maza izinin shiga ba sai 1960. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2020 ya nuna cewa cikin masu jiyya goma a duniya, wajen tara mata ne. Amma a Afirka wajen ɗaya cikin huɗu namiji ne, wannan kuwa yana da dalilinsa a tarihi.

Mazan da suka bi cutar barci ƙauye ƙauye

A ƙasar Hausa taɓa jikin marar lafiya bai taɓa zama baƙon abu ga namiji ba. Wanzami ne yake yin ƙaho da kaciya, maɗori ne yake ɗora karaya. In dattijo ya kwanta, ɗansa ko ƙanensa ne yake juya shi, ya kai shi bayan gida. Sa'ad da maganin asibiti ya iso yankin tafkin Cadi, shi ma a hannun maza ya fara sauka.

Faransawa sun kafa garin Fort Lamy a 1900, bayan yaƙin Kuseri inda Rabe da kwamandansu Lamy suka mutu rana ɗaya. Garin ya zama zango ga fatake da alhazan ƙasar Hausa masu tafiya gabas a ƙasa, a 1973 kuma aka sake masa suna Njamena. Likitocin da suka fara zuwa ƙasar na soja ne, 'yan ƙalilan. A cikinsu akwai Eugène Jamot, wanda shi ma malamin makaranta ne tukuna, bai zama likita ba sai 1908, yana dab da shekara 30. Aikinsa na farko a rundunar mulkin mallaka a Cadi ya yi shi, kafin Yaƙin Duniya na Farko.

A lokacin cutar barci, wadda ƙudan tsando ke yaɗawa, tana share ƙauyuka a bakin koguna. Jamot ya gane cewa in likita ya zauna a asibiti yana jiran majiyaci, sai wanda ciwo ya riga ya cinye ne zai iso. Dole a je a nemi cutar inda take. Daga 1917 zuwa 1919, shi da 'yan mataimaka ƙalilan suka zaga ƙasar Ubangi-Shari, maƙwabciyar Cadi ta kudu, suka duba mutum kusan dubu 90, suka sami fiye da dubu 5 masu ɗauke da cutar. Daga 1922 ya zauna a Ayos ta Kamaru, ya riƙa horar da 'yan ƙasa, waɗanda ake kira anfirmiye da Faransanci. Kowa da aikin da aka koya masa har ya gwanance. Wani yana lalube wuyan mutane yana neman kaluluwa, wani yana tsotso ruwanta da allura, wani yana zaune gaban madubin likita yana neman ƙwayar cutar, wani yana ɗebo ruwa daga ƙashin baya don a san ko ta kai ƙwaƙwalwa, wani yana yin allura, wani yana rubuta sunaye. Irin waɗannan ƙungiyoyi sun yi aiki a kudancin Cadi ma, a yankin Fort Archambault, wato Sarh ta yanzu.

Maza ne suka yi wannan aiki, gama 'yan matan da suka shiga makaranta a lokacin kaɗan ne ƙwarai, tafiyar kuma ta makonni ce a ƙasa, cikin daji. Littattafai sun riƙe sunan Jamot, amma idanu da hannuwan da suka yi yawancin aikin na 'yan Afirka ne. Tarihin yana da duhunsa kuma. Da ƙarfin hukuma ake tara mutane, maganin da ake yi musu kuwa yana da guba a ciki. A yankin Bafiya ta Kamaru, wajen 1928, wani matashin likita ya ƙara yawan maganin fiye da ƙa'ida, ɗaruruwan mutane suka makance. Duk da haka hanyar bin cuta har gida ba ta mutu ba. Ma'aikatan lafiya na Cadi sun ci gaba da ita a yankin Mandul da kewaye, da sababbin magunguna da tarkon tsando, har a 2024 Hukumar Lafiya ta Duniya ta shaida cewa cutar barci ta daina zama barazana ga lafiyar jama'a a Cadi.

Asibitocin mishan da birnin Njamena

A wajen mishan ma haka abin ya tafi. A Bom ta ƙasar Filato, inda mishan ɗin SUM ta fara aikin asibiti a 1922, da Wusasa ta Zariya, da Galmi ta Nijar wadda SIM ta buɗe a 1950, da Kumra da Bebalem a kudancin Cadi, likita ɗaya ko biyu ba su isa ba. Sai aka riƙa ɗauko waɗanda suka iya karatu daga cikin masu bi, a koya musu wanke gyambo, da awon zazzaɓi, da ba da magani. Sau da yawa mai bishara ne ko malamin aji, mai mata da 'ya'ya, ake kira ya koyi wannan sabon aiki, sa'an nan a mai da shi ƙauye da akwatin magani. Mutanen ƙauye ba sa bambanta shi da likita. Malamin asibiti suke ce masa, ko kuwa likita kai tsaye.

Cadi ta sami mulkin kai ran 11 ga Agusta 1960 da likitoci 'yan ƙasa ƙalilan, ba ta kuwa sami makarantar horar da likitoci ta kanta ba sai wajen 1990. A tsakanin nan yaƙi ya shiga Njamena kanta, a 1979, ya sake dawowa daga Maris zuwa Disamba na 1980. Dubun dubatar mutane suka haye kogi zuwa Kuseri, babbar majami'ar Katolika ta ƙone, ma'aikatan gwamnati suka watse. Ƙasar da ta sha irin wannan ba ta da halin zaɓen wanda zai ɗaure wa mutum rauni. Har wa yau ƙananan asibitocin karkara a Cadi masu jiyya ne suke riƙe da su. Mai jiyya ne yake duba majiyaci, ya rubuta magani, ya yi wa yara rigakafi, ya san wanda ya kamata a aika babban asibiti tun da sauran lokaci.

A kan wannan tushe ne wani firist ɗan Italiya na ƙungiyar Jezuwit, Fada Angelo Gherardi, ya gina aikin lafiya a Gundi ta kudancin Cadi tun shekarun 1970: asibiti ɗaya a tsakiya, ƙananan wuraren shan magani kewaye da shi a hannun masu jiyya 'yan ƙasa. A 1996 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba shi lambar yabo saboda wannan aiki. Daga Gundi ne aikin ya miƙo zuwa Njamena, aka buɗe asibitin Walia a 2007, tare da makarantar likitoci da ta masu jiyya. Gwamnati ma tana da tata makarantar a birnin, wadda ake kira ENASS.

Abin da tarihin yake koyarwa

Wanda ya ce jiyya aikin mata ne kaɗai, ra'ayin Ingila na zamanin Nightingale yake maimaitawa ba da saninsa ba. Ubangiji da kansa ya ɗaura tawul ya wanke ƙafafun almajiransa, kamar yadda yake a Yohanna sura 13. A Matiyu 25:31-46 kuma ya lissafta duba marar lafiya cikin ayyukan da za a tambayi kowa a ranar shari'a, bai ware maza ba. Akwai ma majiyatan da namiji ya fi dacewa da su, kamar dattijon da zai gwammace ya ɓoye ciwon mafitsara da ya buɗe jikinsa gaban 'yar cikinsa.

Wanda kuma ya ce lokaci ya wuce, sai ya dubi Yohanna na Allah. Shekarun da ya yi yana yawo ba su tafi a banza ba. Kiwo ya koya masa lura da wanda ba ya iya faɗin ciwonsa, soja ya koya masa jimiri, talla ta koya masa shiga kowace ƙofa ba kunya, zaman asibiti ya koya masa tausayi. Haka tela yakan zo da hannu mai natsuwa, ɗan kasuwa da iya lissafi da iya magana, magidanci da sanin abin da ake ji sa'ad da jikin yaro ya yi zafi da tsakar dare.

Amma tarihin yana da gargaɗi. Kyakkyawar niyya ba ta isa ba. A kasuwannin Njamena kowa ya san masu sayar da ƙwayoyi da yin allura ba tare da horo ba, waɗanda ake yi wa laƙabi da dokta shuku. Hausawa sun ce ƙaramin sani ƙunƙumi ne. In likita mai takarda ya makantar da ɗaruruwa a Bafiya saboda kuskuren awo, ina ga wanda bai taɓa shiga aji ba? Babban da yake so ya shiga jiyya dole ya bi ta ƙofar da Kamilus ya bi. Zai rubuta jarrabawar shiga tare da sa'o'in 'ya'yansa, ya yi shekaru yana karatu, samunsa ya ragu, ya karɓi umarni daga malama ko sista wadda ya girme. Wannan ne wurin da yawanci suke ja da baya, nan ne kuma ikilisiya take da abin yi. Kafin mutum ya fara, ya kamata ya zauna da matarsa su yi shawara a kan abin da gida zai ci. Ƙungiyar maza da zumuntar mata za su iya ɗaukar wani kashi na kuɗin makaranta, kamar yadda ake yi wa mai zuwa makarantar Littafi Mai Tsarki. Masu wa'azi kuma su daina barin ba'a ta yi yawo a bakin ƙofar majami'a ba tare da tsawatawa ba.

A Matiyu 20:1-16 Ubangiji ya ba da misalin mai gonar inabi wanda ya fita neman ma'aikata da sassafe, ya sake fita da hantsi, da tsakar rana, da azahar, har da la'asar sakaliya. Waɗanda ya tarar a ƙarshe bai kore su don sun makara ba. Ya tura su gona, da yamma kuma ya biya su cikakken lada. Gemu ba ya hana ilimi. Allah ya tashe wa ikilisiyarsa maza masu tausayi da tawali'un koyo, ya kuma ƙarfafa hannuwan dukan masu jiyya, maza da mata. Amin.